Ranar da Idon Ummi Ya Ƙi Buɗewa

Ranar Talata ce, cikin hunturu, na shiga ɗaki in tashi Ummi ta yi shirin makaranta. Shekararta 5 da 'yan watanni a lokacin. Ta tashi zaune ta dube ni da ido ɗaya, na daman a rufe ruf kamar shi bai gama barcinsa ba. Na ce, "Buɗe idonki mana, da sassafe za ki fara mini wasa?" Ta ɗaga gira har goshinta ya tattare, amma fatar idon ko motsi. Ta ce, "Mama, ai na buɗe."

Na sa yatsa na ɗaga fatar a hankali. Abin da na gani ya sa ƙafafuna suka yi sanyi. Ƙwayar idon ta karkace ta nufi wajen kunne, ta kuma ɗan sunkuya ƙasa, ɗan baƙin tsakiyar kuwa ya buɗe ya fi na hagun girma sosai. Babu ja, babu kwantsa, babu kumburi. Ummi ta ƙura mini ido ta ce, "Mama, kin zama biyu." Ina sakin fatar ta faɗo kamar labule.

Kwana huɗu kafin nan, ranar Juma'a, ta dawo daga makaranta tana dafe da goshinta ta ɓangaren dama, daidai saman ido. Ta yi amai sau biyu, ta ƙi abinci, ta ce a rufe taga haske yana sukarta. A Bauchi in yaro ya yi ciwon kai da amai, maleriya kowa zai fara kawowa, mu ma ita muka kawo. Abban Ummi ya je kemis ya karɓo magani da farasitamol. Jikinta bai taɓa yin zafi ba, wannan kuwa ya kamata ya tsayar da ni, amma bai tsayar da ni ba. Ranar Litinin ciwon kan ya lafa, har ta ci masa uku da yamma, na yi hamdala na ɗauka an rabu ke nan. Ashe somin taɓi ne.

Gidanmu a Fadaman Mada yake, tare muke da surukata, Hajiya, wadda sunanta yarinyar ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi. Kafin ƙarfe takwas tsakar gida ya cika. Hajiya ta ce iska ce, don ta sha hana takwararta wasa a gindin bishiyar ƙofar gida da magariba. Wata maƙwabciya ta ce apolo ne mai shiga ciki, a ɗiga nonon mai jego. Wata ta ce a sa tozali. Wata ta ja ni gefe ta ce kambun baka ne, yarinyar ta cika wayo a bainar jama'a. Ban ga laifin kowa ba, domin duk ƙauna ce ta kawo su, kuma ni kaina na yi tofi a ruwa na shafa mata, har gobe ina yi. Abu ɗaya na tsaya a kai: ba za a ɗiga komai a idon nan ba. Abban Ummi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, ki yi mana izini mu kai ta asibiti. Addu'a ko a hanya ma ana yi, ke kuma ki ci gaba da taki a nan." Ta yi shiru, can ta ce, "Ku je, Allah Ya sa a dace." Muka tare Keke Napep.

Yankar kati da bin layi suka cinye safiyar. Likitan farko yana ɗaga fatar idon ya rubuta takarda ya ce mu wuce sashen ido, kada mu tsaya ko'ina. A can muka sami wani dattijon likita mai sanyin magana. Ya riƙe fatar idon da babban yatsansa, ya ce Ummi ta bi bironsa da kallo, ya yi sama da shi, ya yi ƙasa, ya yi wajen hanci. Idon hagu yana bi, na dama ya kafe, waje kawai yake iya zuwa. Sai ya haska tocila. Baƙin idon hagu ya tsuke nan take, na dama ya tsaya a buɗe. A nan na ga fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Malama, idon 'yarki lafiyarsa ƙalau. Wayar da take kawo masa umarni ce ta sami matsala." Ya jawo takarda ya zana mana. Ya ce jijiyoyi 12 ne suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, uku daga ciki aikinsu juya ido: ta uku, ta huɗu da ta shida. Tsoka 6 ce take juya kowane ido, huɗu daga ciki jijiya ta uku ce take tafiyar da su. Ita ce kuma take ɗaga fatar ido, ita ce take tsuke baƙin ido in haske ya yi yawa. Idan ta daina aiki, tsokoki biyun da suka rage sai su ja idon waje da ƙasa, tunda babu mai ja da su. Duk abin da na gani da safe ya fito a zanen nan, ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye shi me ya taɓa jijiyar. Ya ce wannan ita ce tambayar, kuma ba za mu koma gida ba sai an fara neman amsarta. Bai ɓoye mana ba. Ya ce tunda baƙin idon ya buɗe, dole a tabbatar babu abin da yake danne jijiyar a cikin kai: ƙari, ko jijiyar jini da ta kumbura, ko ruwa da ya taru. Dole kuma a duba sanƙarau da tarin fuka, don tarin fuka yana hawa ƙwaƙwalwar yara. Ya tambaya ko ta faɗi ta bugu a kai, ko fatar idon tana buɗewa da safe ta rufe da yamma, wai akwai wata cutar raunin tsoka mai yin haka. Duk na ce a'a. Aka ba mu gado a ɗakin yara.

Kwana shida muka yi. Aka ɗebi jini, aka gwada suga, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi hoton kai na CT. Wanda ya fi tsaya mini shi ne ɗibar ruwan baya. Da aka kawo takardar sa hannu Hajiya tana zaune a kan tabarma, ta zo dubiya. Tana jin an ce allura a gadon baya ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ba da takwarata ba. Ido ɗaya ya tafi, yanzu ƙafafu kuke so su bi?" Ni ma tsoron yana raina, don tun ina yarinya nake jin ana cewa allurar baya tana gurgunta mutum. Wata likita matashiya ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Hajiya, lakar da kike tsoro tana ƙarewa ne a sama da inda za mu sa allurar. Ruwa kaɗan za mu ɗiba, jiki yana mayar da shi. Yaran da kika ji sun gurgunce, sanƙarau ɗin ne ya yi musu illa, shi muke so mu riga." Hajiya ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce wa ɗanta ya sa hannu. Ni na riƙe Ummi a naɗe kamar jaririya har aka gama. Ruwan ya fito garau.

Kowane sakamako ya dawo, sai a ce babu komai. Mutane suna ta mana barka, ni kuwa kalmar nan ta fara yi mini nauyi. Idan babu komai, me ya rufe idon? Da gaske ne da aka ce rashin sani ya fi dare duhu. Dare ya yi, ɗaki ya yi tsit sai tarin yara da ƙarar fanka, in kunna tocilar waya in ɗaga fatar idon tana barci, ko zan ga ya dawo tsakiya. A dararen nan ne na gane cewa da a ce mini ga cuta mai suna, ko mai tsanani ce, da na fi samun abin riƙewa.

Ranar sallama dattijon likitan ya ce CT ba ya nuna siririyar jijiya irin wannan. Ana bukatar hoton MRI wanda ake yi da allurar da take haska jijiya, sannan likitar ƙwaƙwalwar yara ta gani. Ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Kuɗin hoton ya haura albashina na wata a makarantar firamaren da nake koyarwa. Uwar adashinmu ta roƙi wadda ke da ɗauka ta bar mini, na sayar da 'yan kunnen gwal na aurena a kasuwar Wunti, ƙanin Abban Ummi ya cika sauran. Muka kama hanya da asuba, ta Kafin Madaki da Ningi da Birnin Kudu da Wudil, Ummi tana kwance a cinyata, ƙurar hunturu ta rufe gaba.

Duk wanda za a tura da ƙaramin yaro wannan hoton, ya shirya wa abu uku. Sai an gwada ƙoda kafin a yi allurar. Sai yaro ya yi awanni bai ci komai ba, don za a ba shi maganin barci, tunda na'urar tana son mutum ya kwanta ko motsi babu na fiye da rabin awa, ga ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Kuma babu ƙarfen da yake shiga ɗakin, har ɗan kunne da fil ɗin hijabi da layar da Hajiya ta ɗaura mata a ƙugu sai da aka cire. Hana yarinya mai shekara 5 abinci tana kuka tana kallon mai sayar da ƙosai ta taga ya fi mini tafiyar wahala.

Bayan kwana biyu muka ga likitar. Ba ta fara da hoton ba, da ni ta fara. Yaushe ciwon kan ya soma? Wane ɓangare? Kwana nawa tsakaninsa da rufewar idon? Aman kafin ne ko bayan? Ta taɓa yin irin wannan ciwon kan? Na rikice, ina cewa Juma'a ina cewa Asabar, Abban Ummi yana gyara mini ni ma ina gyara masa. Sai ta ce, "A danginku akwai mai ciwon ɓarin kai?" Na ce ni ce. Tun ina budurwa nake ɗaure kai da ɗankwali in shige ɗaki mai duhu, mahaifiyata ma haka take. Ban taɓa kai shi asibiti ba, don a wurinmu ciwon mata ne da ake haƙuri da shi. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Sannan ta juyo mana da kwamfuta. Ta nuna wani ɗan tabo fari, bai kai ƙwayar dawa ba, a daidai inda jijiya ta uku take fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta dama. Ta ce jijiyar ta yi kauri a nan, ta kuma sha allurar. Babu kumburin jijiyar jini, babu ruwa, ƙwaƙwalwar lafiya lau. Ta ce abu biyu ne a ranta. Ko kumburi ne irin na wata cuta da ba a cika gani ba, mai zuwa da ciwon kai ta tafi ta dawo, ko kuma ɗan ƙaramin ƙari ne a jikin jijiyar. Hoto ɗaya ba zai raba su ba. Kumburi yana sacewa, ƙari ba ya sacewa, don haka sai an sake hoton bayan wata uku. Na ce, "Likita, to sunan ciwon fa?" Ta ce, "Maman Ummi, ba zan ba ki sunan da ban tabbatar ba. Wannan cutar ba a yanke hukunci a kanta sai ta zo sau biyu. Ina fatan kada ta sake zuwa, mu rasa sunan gaba ɗaya."

Ta ba ni aiki. Ta ce in sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina, duk ranar da Ummi ta ce kai, in rubuta kwanan wata da ɓangaren da awannin da ya ɗauka da abin da ya zo tare da shi. Kuma kullum da safe in ɗauki hoton fuskarta da waya a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya. Na ɗauka don ta kwantar mini da hankali ne ta faɗa. Daga baya na gane littafin nan da hotunan nan sun yi aikin da na'urar Kano ba ta iya yi ba.

Ta rubuta maganin firedinisolon, mai sace kumburi. Ta gaya mana gaskiya cewa cutar ta yi ƙaranci har ba a sami yara da yawa da za a yi babban gwaji a kansu ba, abin da ake da shi rahotannin likitoci ne da suka ga yana gaggauta sauƙi, musamman in an fara da wuri. Ta ce shi ya sa aka fara duba tarin fuka, don maganin yana rage garkuwar jiki, in akwai cuta a ɓoye sai ya ba ta ƙofa. A sha da safe bayan an ci abinci, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Ina ganin ƙwayar na gane danginta, irin waɗanda wasu mata suke saya a kemis don su yi ƙiba. Ina roƙon duk uwar da ta karanta wannan, kada ta ga alamun da na faɗa ta je ta sayo wa ɗanta da kanta. Da ƙari ne ko sanƙarau ko tarin fuka a kan Ummi, muka ba ta wannan a gida, da mun rufe wuta da zane.

Cikin mako biyu kumatunta suka cika, ga ci kamar gara, ga saurin fushi. A kwana na 19 da rufewar idon, ina jera hotuna a waya, na ga wani siririn layi tsakanin fatar sama da ta ƙasa wanda babu shi a hoton shekaranjiya. Da ido ban lura ba, hoton ne ya nuna mini. Na fita tsakar gida da gudu na nuna wa Hajiya, ta sa tabarau ta duba ta duba, sai hawaye. Mako shida fatar ta ɗagu fiye da rabi. Mako goma idon ya dawo tsakiya, ya fara bin biro wajen hanci.

A tsakanin nan ne aka yi rigimar filasta, wadda ta fi kowace daɗewa a gidanmu. Da muka koma sashen ido a Bauchi, dattijon likitan ya gwada ganinta da allon hotuna, ya ce idon dama ya fara ja da baya. Ya yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa iyayen ɗalibaina. Ya ce yaro ba a haifarsa da cikakken gani, koyo ƙwaƙwalwarsa take yi har wajen shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya ya daɗe a rufe, ko yana kawo hoto biyu, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Jijiya za ta iya warkewa sarai, ido ya buɗe ya yi kyau, amma ganin ya tafi, in kuma shekarun suka wuce dawo da shi yana da wuya. Maganin shi ne a rufe lafiyayyen idon awa 2 kullum, a tilasta wa mai rauni ya yi aiki.

Hajiya ta ce ba ta taɓa jin inda aka bar mai ciwo aka ɗaure mai lafiya ba. Ummi kuwa da na manna filastar sai ihu, ta ɓalle ta jefar, ta ce ba ta gani sosai, kuma gaskiyarta ce. Yaran unguwa suka fara kiranta mai harara-garke, wata rana ta dawo daga islamiyya ta ce ba za ta ƙara zuwa ba. Na je na sami malaminsu, ya tara yaran ya yi musu nasiha a kan izgili, abin ya ragu. A gida kuma Hajiyar da ta ƙi ce ta kawo dabara. Ta ce tunda dole ne, a riƙa yi bayan la'asar a ɗakinta. Ta zuba wake a faifai ta ce, "Zo nan, kishiya, in ga ko kin iya tsince tsakuwa, ko in ƙwace mijin." Da tsintar wake da zura duwatsun wuya a zare da tatsuniya aka riƙa cinye awa biyun nan, wata huɗu cur. Da aka sake gwaji, idanun biyu sun kusa daidaita a allo.

Hoton wata uku ya nuna tabon ya ragu ƙwarai. Likitar ta ce ƙari ba ya yin haka. Muka yi sadakar masa, muka koma rayuwarmu. Littafin dai ban ajiye ba. A shekarar na rubuta ciwon kai sau biyar, duk na dama, ba wanda ya wuce yini guda, ba wanda ya taɓa idon. Na lura uku daga ciki sun biyo rashin barci ne ko daɗewa a rana ba ta sha ruwa ba.

Wata 14 bayan na farko, ana saura kwanaki a yi hutun makaranta, ta tashi da ciwon kai na dama da amai. Ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. Littafin ya gaya mini wannan ba irin na sauran ba ne. A rana ta uku da safe na ɗauki hoto na gwada da na makon jiya, na ga fatar idon dama ta ɗan sauko, abin da ko Abban Ummi bai gani ba sai da na faɗaɗa masa hoton. Na ce, "Abban Ummi, ya dawo." Ya ce, "Ɗauko katin." Ba mu tara kowa ba, ba mu je kemis ba. Kafin azahar muna gaban likitan ido, ya yi waya da likitar Kano, aka duba ta, aka fara magani a ranar. Idon ya rufe dai, amma bai kai na farko ba, kuma cikin mako huɗu ya buɗe.

Da muka je Kano na miƙa mata littafin. Ta bi shi shafi-shafi tana gwadawa da hotunan waya da sabon MRI, wanda ya nuna tabon ya dawo a daidai wurinsa na da. Sai ta ce yanzu za ta iya faɗa. Ta ce an daɗe ana kiransa ciwon ɓarin kai mai shanye tsokar ido, sunan da wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya raɗa masa tun 1890. Sama da shekara ɗari ana lissafa shi cikin dangin maigiren, wato ciwon ɓarin kai. Da na'urar MRI ta zo aka riƙa ganin kaurin jijiyar, sai masana suka fara shakka, don maigiren na yau da kullum ba ya barin irin wannan tabon. A 2004 ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar da shi daga babin maigiren, a kundinta na 2018 kuma yana ɗauke da sabon suna da likitoci suke taƙaitawa RPON, ma'ana ciwon jijiyar ido mai zafi mai dawowa. Ta ce ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 10, jijiya ta uku ya fi taɓawa, kuma yawanci ɓangaren da ya saba yake komawa. Likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai gamu da shi ba.

Na rubuta haruffan huɗu a bangon littafin. Na yi kuka a ofishin nan, kukan da ban yi ba ranar da idon ya rufe. Kusan shekara ɗaya da rabi ina amsa tambayar mutane da "ana dai bincike", wasu suna kallona kamar ina ɓoye wani abu, wasu suna ƙara kawo mini sunayen masu magani. Yanzu ina da abin da zan faɗa, ina kuma da takardar da zan nuna wa duk likitan da muka tarar da dare.

Ba ta yi mana alƙawarin ya tafi ke nan ba. Ta ce wasu yaran yana yi musu sau biyu ko uku ya bari, wasu yana bin su har girma, kuma yawan dawowa yakan bar saura a jijiyar. A idon Ummi ma akwai ɗan saura: baƙin idon dama ya ɗan fi na hagu faɗi, in ta gaji da yamma idon yakan ɗan zame waje. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ta ce in ciwon kan ya yawaita akwai magungunan rigakafi da za a gwada, amma yanzu barci a kan lokaci da ruwa da abinci su ne a hannunmu. Ta kuma ja mana kunne cewa sanin sunan ba lasisin zama a gida ba ne. Duk ranar da fatar idon ta sauko, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon kan, ko wuya ya sanƙare, ko ta yi barcin da ba a iya tashinta, asibiti a ranar.

Abu na ƙarshe da ta gaya mini shi ne wanda ya zauna mini a ka. Ta ce ciwon kan yana iya riga shanyewar idon da kwanaki, har zuwa 14. Tun daga ranar, duk ciwon kan da Ummi ta yi, ko na rabin yini ne, sai na ja layi a littafin na jera lambobi daga 1 zuwa 14, kowace safiya in tsayar da ita a bakin taga in ɗauki hoto, in haska tocila, in soke lamba ɗaya. Yanzu shekararta 8, tana aji uku, ita da kanta take zuwa ta tsaya ta ɗaga haɓa kafin in kira ta. Hajiya tana daga ƙofar ɗakinta da carbi, ba ta cewa komai sai na juyo na ce mata lafiya lau.

Makon jiya, ranar Laraba, ta dawo daga makaranta tana dafe da goshin dama. Ta sha farasitamol ta yi barci, da magariba ta tashi ta ci tuwo. Yau da safe na soke lamba ta 9, idon yana tsakiya, baƙin ya tsuke da na haska. Katin asibiti da littafin suna cikin jakata a bayan ƙofa. Saura biyar.